Manomin Rake da Haƙoran Dashe

An yi wani manomin rake a wata fadama, sunan garin ya kuɓuce mini, amma na tuna akwai gada kafin a shiga. Mutumin nan da haƙori yake sanin gonarsa. In lokacin sara ya matso sai ya bi fage-fage yana gatsa, yadda gaɓa ta fashe a bakinsa shi ke gaya masa wannan ya nuna, wancan a ƙara masa kwana. Rannan san noma ya kai masa shuri, haƙoransa na gaba suka zube. Shekarar nan da ka ya yi sara, ya kwantar da raken da bai nuna ba, 'yan sari suka ɗanɗana suka wuce gonar maƙwabci. Sai ya nufi birni wurin likitan haƙori. Likita ya dasa masa ƙusoshin ƙarfe cikin ƙashin muƙamuƙi, ya ɗora haƙoran wucin gadi, ya ce kada ya ciji abu mai tauri sai ƙashi ya kama ƙarfen. Bai rufa wata ba ya ga wani jan rake mai kauri, ransa ya biya, ya gatsa. Ƙusa ta girgiɗe, dasashi ya kumbura, dole aka cire, aiki ya koma ɗanye.

Ya dawo gida cike da kunya. Shi da ke korar awaki daga sabon dashe, ga shi ya tumɓuke nasa da kansa. Nan ya ɗaura niyya. Ya jira rami ya warke, aka sake dasawa. Watanni yana kan kunu da fate, goro ma sai an daka masa. Babbar Salla ta zo, gida ya game da ƙamshin suya, shi ya tsaya ga romo. Abokan wasansa suka riƙa ɓare rake a gabansa suna cewa, "Jinjiri, a tauna maka ne?" Sai ya ce, "Ku sha, ina nan tafe." Har ranar da likita ya taɓa ƙusoshin ya ji sun zauna daram, ya ɗora haƙoran dindindin. Da rake ya sake isa, ya shiga gona, ya gatsa nan, ya gatsa can, ya juyo ga masu adda ya ce, "Ku fara daga wannan." Ka ji abin da ya sa magabata suka ce, sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.