Latas Ɗin Da Ya Kashe Ƙyalli

Ruwan da ke cikin kofin ya daina ƙyalli. Tsohon hedimasta ya miƙe tsaye.

'Yarsa mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje ce ta kawo ruwan. Da ƙonannen ɓawon lemo ake haɗa shi. In an haska shi da wata 'yar fitila sai ya yi shuɗin ƙyalli, amma da ya gamu da ragowar maganin ƙwari sai ya dushe. Ganyen latas guda ta tsoma, ƙyallin ya mutu murus.

"Baba, wannan ai wanka aka yi masa da magani."

Abin takaicin ma, mutum da lambunsa a bayan gida, amma ya koma sayen latas a kasuwa! Nasa ƙwari ke cinyewa. Ya fita ya bar ganye, ya dawo ya tarar da kututture. Ya ninka feshi, ya sake ninkawa, duk a banza. Matarsa kan ce, "Haƙuri, Malam, ƙwarin bana ba su da imani."

Da kofi da fitila ya dira a rumfar mai ganye.

"Guba ka sayar mini. Tashi tsaye in ana yi maka magana!"

"Malam, ni saro shi nake yi, ba ni na shuka ba."

"To kai ni wurin mai shukar!"

A gaban shugaban kasuwa ya rantse: sai manomin ya cinye abin da ya fesa wa magani, ganye bayan ganye, shi kuma yana tsaye a kansa. Jama'a suka shaida.

Mai ganye ya yi gaba, rabin kasuwa na biye. Hedimasta da baya-baya yake tafiya, don ba a juya wa aji baya ana darasi.

"Jahilci ne tsagwaronsa! Ga ƙa'ida a jikin kwalba, amma jakin bai karanta ba!"

Suka wuce shagon tela, suka wuce famfo, suka shiga wani lungu. Mai ganye ya ƙwanƙwasa wata ƙofar baya ta langa-langa.

Hedimasta ya gyara tabarau, ya juyo.

Ƙofa ta buɗe. Matarsa ce, wuƙa a hannu, ta turo kwando cike da latas, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Yi maza ka kwashe kafin Malam ya dawo, zan ce masa ƙwari ne."