Zaren Da Ƙasa Ta Kasa Ci

Masu haƙa hanyar ruwa ne suka tono ƙasusuwan, a gefen lambun inabin tsohuwa Vidosava, a ƙauyenmu na bayan garin Pirot. An naɗe su cikin darduma. Tufafin mamacin sun zama ƙasa, takalmansa sun ruɓe, amma dardumar tana nan, ko jan launinta bai gama mutuwa ba.

Kafin rana ta take gari ya yanke hukunci, don mu ba mu iya jira ba. Lambun nata ne, ita ma masaƙiya ce, kuma ƙanenta da suka yi rigimar gado ya ɓata tun tuni. Aka tafi da ita tana kuka tana rantsuwa, matar da ko tsakar gida ba ta ƙetarawa sai da sanda. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Sufeto Dragoljub ya yanko guntun dardumar ya kai wa Stamenka, tsohuwar masaƙiyar da ta fi kowa sanin zare a yankin. Shekara arba'in ke nan ba ta ga-maciji da Vidosava. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa a rufe tsohuwar har mutuwa.

Stamenka ita kaɗai ce a gidanta. Mijinta Radoslav, in ji ta, ya tafi aiki Jamus shekara talatin da biyu da suka wuce, ko wasiƙa bai aiko ba, ba kuma wanda ya yi kewar shan giyarsa. Ta zuba wa sufeto gahawa da karkataccen hannun nan nata, wanda ta ce tsani ne ya kayar da ita tana amarya. Ya zauna yana mamakin ɗakin masaƙiya da daɓe tsirara, ba ko darduma.

"Kaka, saƙar Vidosava ce?"

Ta zare zare ɗaya, ta warware shi a kan gwiwa.

"Vidosava? Wannan raguwar? Ɗan nan, gashin cikin tunkiya take kaɗawa, gajere, murɗi ɗaya sakwa-sakwa don ta gama da wuri. Saƙarta damina uku ba ta yi a ƙasa. Duba nan. Dogon gashin gadon baya ne, an kaɗa sili biyu an sake murɗe su baibai, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa. Zaren tsayen ma ulu ne, ba auduga ba, auduga da tuni ta ruɓe. Ja ka gani."

Ya ja da ƙarfinsa. Zaren ya yanke masa yatsa, bai tsinke ba.

"Ku sallami matar nan ta je ta ba kajinta ruwa. Ko a mafarki ba ta iya wannan ba."

"To wa ya iya, Kaka?"

Stamenka ta wanke kofunan biyu ta kife. Ta rufe taga, ta yafa mayafin zuwa coci, ta miƙa masa makullin gidan. Sannan ta shafa guntun dardumar, idonta ya kawo ruwa.

"Wata tara na yi ina saƙa ta don ɗakin aurena," in ji ta, "na zo na ɓata ta a kan Radoslav."