Taken da Makaɗi Ya Hana Ɗansa

Kai da ke ta tayar da jijiyar wuya kan yaran nan masu hip-hop, wai duk abinsu kwaikwayo ne, zauna tukuna. An yi wani makaɗin kalangu a garinmu, makaɗin mahauta ne tun kaka da kakanni. Akwai wani take da ya gada wurin ubansa, in ya buga shi sai ka ga mahauci ya ajiye wuƙa ya hau rawa da jini a hannu. Autansa kuwa, ɗan shekara sha shida, hip-hop ya sa a gaba. Yaron nan ya yi roƙo har ya gaji, kan cewa uban ya zo situdiyo ya buga taken a ɗora masa waƙa a kai. Ina! Tsoho ya ce surutun aku ba waƙa ba ne, ba zai zuba gadon gidansu a bakin ɓarayin sauti ba. Abin ya hana shi sukuni. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ɗaki ya ga ko gangar na nan a rataye, ya koma majalisa ya sake tayar da gardamar da jiya ma ba a gama ba. Tsoro yake ji, wallahi, kada a lalata masa abin da ya rage masa na ubansa.

Ashe ranar naɗin Sarkin Fawa wani ya ɗauki tsoho a waya yana buga taken, abu ya yi ta yawo har ya faɗa hannun wani matashi a can wani birni, wanda bai ma san sunan garinmu ba. Ya ɗora waƙarsa a kai, ta karɓu, kowane Keke Napep ita yake saki. Ana nan aka gayyaci tsoho bikin 'yar wani mahauci, ya rataya kalangu ya saki takensa. Samari suka ɗau shewa, wani ya ce, "Kai, Baba ma ya iya kwaikwayon waƙar nan!" Hannun tsoho ya tsaya cak. Ya waiga neman mai shaidarsa, tsofaffin da suka san taken duk sun kwanta dama, sai ɗansa can gefe ya sunkuyar da kai. Shi ya sa Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.