Malamin Ɗakin Sanyi

Kofin shayi biyu Tijjani Kabo ya tarar a kan kwalin kaji, cikin ɗakin sanyin shagon namansa da ke unguwar Kudai a Makka. Ɗaya na ɗansa Mustafa ne. Ɗayan kuwa bai san bakin da ya taɓa shi ba. Ya ɗauke shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera, ya jefa a shara.

Tun bayan aikin Hajji yaron ya lalace. Wai Kanada za shi. An gaya masa wanda ya iya Faransanci ya fi samun maki, kuma shi ake fara ɗauka. An gaya masa sanyin can yana daskarar da majina tun tana cikin hanci. Shi ne kullum bayan azahar, idan uban ya tafi gida ƙailula, sai ya zura wata ƙatuwar rigar sanyi, ya shige cikin naman da suke sayarwa, ya ja ƙofa. Wai yana sabawa.

Gardi da gemunsa, zaune tsakanin cinyoyin raguna, yana kakarin wani yare kamar mai kurkure maƙogwaro. Idan ya dawo gida, sai rigar ta cika falo da ƙarnin kitse. Tijjani ya daina cin abinci kwano ɗaya da shi.

Sau ɗaya ya tare shi da maganar.

"Abuya," in ji Mustafa, "a nan aka haife ni, amma har gobe baƙo ne ni. Ikamata, takardar zamana, a hannun wani, aikina a hannun wani. 'Ya'yan da zan haifa ma haka za su gada?"

"Makka ce ba ta ishe ka ba?"

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tofar da yawu, ya koma kan wuƙarsa.

Shi ta ƙasa ya zo garin nan, tun yana saurayi. Daga Kabo ya ratsa Chadi, ya ratsa Sudan, yana dako yana yankan dabbobi yana matsawa gaba. A Njamena ya auri Rakiya, a can kuma ya ga amfanin Faransanci da idonsa. Surukinsa, wanda ya raini 'ya'yansa a gidan Faransawa, ya yi wa Nasara kuku har bayansa ya ranƙwashe, ya mutu bai bar komai ba sai cokula. Duk wannan wahala don abu ɗaya ya sha ta. Yana so ranar da ya cika, ɗan cikinsa ya ɗauki makararsa ya shiga da ita Harami a yi masa salla. Yanzu wa zai ɗauka? Masu wucewa?

Kofin nan na biyu ya tsaya masa a rai. Ba a waya yake koyo ba, don waya ba ta shan shayi. Kuma ya san ɗansa, ko shafi ɗaya ba ya iya gamawa sai an tsaya a kansa. Akwai mai koya masa. Ya tambayi Lurwanu mai shagon turare na kusa da su, Lurwanu ya ce shi da azahar yake rufewa, bai ga kowa ba. Tijjani ya ƙiyasta mutumin a ransa. Wani ɗan Maroko ne ko ɗan Sanagal, wanda ya zo Umara ya maƙale, yana cin abinci da raba 'ya'ya da iyayensu. Kuma a cikin naman da Musulmi za su ci yake zama yana fesa yawu.

Kullum da yamma a gidansu na unguwar Rusaifa, Rakiya yake sauke wa haushin. Ita kuwa tana fama da mura, a tsakiyar zafin da kwalta ke narkewa. Sai ta miƙa masa shayi da hannunta mai sanyi, ta ce, "Allah ya shirya."

"Ke ma ki rage zaryar unguwar Shisha," ya ce. "A wajen dubiyar ƙawarki Fatsuma kike kwaso murar nan."

Ta ce to.

Da ya ji jarrabawar Faransancin da Mustafa zai zauna ta matso, sai ya yanke shawara. Ranar bai tafi ƙailula ba. Ya yi sallama da Mustafa kamar kullum, ya je ya zauna a inuwa kusa da tashar bas, gumi na bin bayansa, har titi ya yi tsit. Sannan ya dawo ta lungun baya da sandarsa a hannu.

Ƙofar baya a buɗe take. Injin sanyi yana gurnani. Ta ƙarƙashin gurnanin ya jiyo muryar ɗansa tana nanata kalma ɗaya. Sai wata murya ƙasa-ƙasa, wadda injin ya danne. Sai Mustafa ya sake faɗa, wannan karon a hankali, kamar ɗan yaye.

Tijjani ya fizgi ƙofar ɗakin sanyin. Sanyi da ƙarni suka doke shi a fuska.

Mustafa ya miƙe zumbur, kansa ya bugi cinyar rago. Malamin bai motsa ba. Yana zaune a kan kwali, ya ba ƙofa baya, ya lulluɓe da bargo tun daga ka har ƙafa.

Tijjani ya ɗaga sanda.

"Juyo in ga fuskarka, la'ananne! Kai ne za ka raba ni da mai ɗaukar gawata?"

Bargon ya juyo a hankali. Aka ja majina.

"Rufe ƙofar, Alhaji, sanyin yana fita," in ji Rakiya, "kuma ba mu gama ba."