Farin Garin da Ya Mutu a Kwana Tara

Tun shekarar da rijiyoyin Kafin Ɗanya suka yi ɗaci, ba mai shan ruwa sai an tace shi da farin garin da hukuma ke rabawa. Na'ura ce ke lissafa ƙarfinsa: gwangwani ɗaya, kwana arba'in.

Na wata mata, Tabawa, kwana tara ya yi ya mutu, ya daina tace ruwan. Ta ɗauki gorar ruwan da ta tace da shi, ta taka har ofishin Malam Sabitu, masanin sinadaran da ya tsara garin.

"Malam, ka taimake ni. Maigidana yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura. Ruwan nan ko akuyata ta ƙi shi."

"Baiwar Allah, ba zai yiwu ba." Ya juyo mata da fuskar na'urar, ga zanen ƙwayar garin kamar saƙar zuma. "Kin ga ramukan nan? Sinadarin boron muka sa a ciki, shi ke kama dafin da ke cikin ruwan. Lissafinmu bai taɓa kuskure ba."

"Da ruwan wace rijiya kuka gwada?"

Shekara shida yana wannan aiki a cikin na'ura, bai taɓa jiƙa garin da hannunsa ba.

Ta miƙa masa gorar. "To, sha."

Ya kurɓa, ya furzar, idanunsa suka kawo ruwa. Ya jawo gwangwanin garin da ke ofishinsa, sabo fil, ya tura mata ba tare da ya dube ta ba.

Tabawa ta rungume shi a ƙirji.

"Na gode, Malam. Amma mu gida ɗari biyu ne a unguwarmu, kuma ni kaɗai na daina shan ruwan nan."