Mai Rage Fitilar Murjani

Farkon wannan labari ya ɗan kuɓuce mini. Ban iya tuna ko shekara biyu yarinyar ta tafi karatu ko uku, kuma sunan garin da ta je ya bi sauran sunayen da suka bar ni. Amma gidan ina ganinsa har yanzu, don bango ɗaya ne ya raba ni da mutumin.

Mai haɗa magani ne a wani kanti. 'Yan unguwa suna ce masa Dakta, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. 'Yarsa ta bar masa amanar wani akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, a cikinsa akwai murjani mai taushi, wanda ke kaɗawa cikin ruwa kamar yatsun jariri. Na taɓa karanta cewa dabba ce, ko da yake ido yana rantsuwa tsiro ne, kuma a cikin namanta akwai ƙananan halittu masu cin haske su ciyar da ita. Da ina da dogon bayani a kan wannan. Bari dai in koma.

Ranar tafiya ta tsayar da shi gaban akwatin.

"Baba, awa tara kullum, agogon fitilar zai kunna ta ya kashe da kansa. Matsakaicin haske suke so. Ka dubi yadda yake yanzu da kyau, haka za ka bar mini shi."

Ya duba da kyau. Mutum ne da ya saba auna abu, ba ya son a maimaita masa magana.

Watanni suka wuce lafiya. Wata safiya ya shiga ya tarar shuɗin ruwan ya ɗan dushe. Ya murɗa makunnin fitilar kaɗan, hasken ya koma yadda ya san shi. Bayan mako uku ya sake dushewa. Ya sake murɗawa. A kwanakin ne ya daina sayen jarida, wai masu buga ta sun fara rowar tawada.

Mutum uku ne a gidan: shi, matarsa, da ƙanensa tela, wanda ke kwana a falo tun da aka rushe layin shagunansu.

"Yaya, duwatsu sun samu ɗaki har da fitila, ni ɗan'uwanka kullum ina naɗe katifa," in ji telan wata rana a kan abinci. "Ko in koyi numfashi cikin ruwa ne a ba ni gefe?"

Matar ta yi dariya har ta ƙware. Dakta bai yi ba. Washegari ya sa wa ɗakin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Hasken ya ci gaba da raguwa.

Ya murɗa makunnin har ya ƙi gaba. Ya sayo fitila ta biyu ya rataya kusa da ta farko, ya mai da awa tara sha biyu. Murjanin suka fara tsukewa. Waɗanda da suke buɗe yatsu tun safe suka dunƙule, bakinsu ya soma fari. Ɗaya ta saki dutsenta ta kwanta a ƙasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. Dakta ya ce a ransa yunwar haske ce, wani ne yake kashe su a hankali.

Ya barbaɗa hoda a bakin ƙofa ta ciki kafin ya tafi kanti. Da ya dawo ya durƙusa ya duba, bai ga sawun kowa ba. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Mai ɓarnar ya iya share bayansa ke nan.

"Maigida, bar ni in leƙa mana," in ji matar.

"Duk wanda ya leƙa sai ya taɓa."

'Yar ta bugo waya. "Baba, ya 'ya'yana na cikin ruwa? Saura mako uku in gan su."

"Suna nan," ya ce.

Ranar wata Asabar da rana ya kamo hannun telan ya ja shi har ƙofar, ya buɗe. Telan ya yi turus a bakin ƙofa, ya kare fuska da hannu, ya kau da kai. Idonsa ya kawo ruwa.

"Dube shi. Ko kallonsu ba ka iya yi."

"Yaya, ai wannan fitila..."

"Ka fi ni saninta. Kwashe kayanka."

Na ga fitarsa da kan keken ɗinki a kafaɗa. Ya gaishe ni da ladabi kamar kullum. Ina jin na ba shi wata shawara, amma ita ma ta ɓace mini.

Kwana huɗu bayan haka, Dakta ya buɗe kwaɗon, ya tsaya. Ruwan ya sake dushewa. Makullin yana hannunsa, telan yana can wata unguwa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya juya a hankali yana sauraron motsin matarsa a kicin. Daga ranar ya daina cin abin da ta zuba masa sai ta fara ci.

'Yar ta dawo a ranar da ta faɗa. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta karɓi makullin. Na kasa kunne ta bango, ban ji kuka ba, ban ji faɗa ba. Ƙarar kashe fitila kawai na ji, sau biyu. Cikin murjanin babu ko ɗaya da ta rayu, duk sun yi fari fat.

Ƙwaƙwalwata ba abar dogara ba ce yanzu, shi ya sa wannan na ƙarshe sai da na bi na tabbatar, na rubuta shi a takarda. Mai sayar da kayan kifi ya zo da na'urarsa ya auna, ya ce fitilun biyu lafiyarsu ƙalau, haskensu ya ninka abin da murjani ke iya ɗauka sau huɗu. Likitan da 'yar ta kai uban wurinsa washegari kuma ya ce yanar da ke idanunsa biyu ta fi shekara tana kauri.