Ƙofar da Ta Gagari Musaddiƙ

Kwana tara Musaddiƙ, malamin lissafi a Safana, yana fama da wata ƙofa a wasan wayarsa. Ya miƙa wayar ga Malama Turai, wadda ya daɗe yana so bai furta ba.

"Dubi shirme! Makulli bakwai na gwada."

Ta karɓa, ta sa jarumin wasan ya ƙwanƙwasa kawai. Ƙofar ta buɗe.

Ya saki baki yana kallonta. "Ikon Allah! Amma ai babu hankali a wannan tsari."

"Akwai, Malam," ta ce, idonta a ƙasa. "Wasu ne dai ba sa tambaya."

Sai ya gane nufinta. Da ƙyar ya ce, "Yaushe zan samu Babanki a garinku, Karare?"

"Juma'a, bayan la'asar."